Kafin Ki Sayi Akuyarki ta Farko a Biu

Jiddari Polo, Maiduguri.

Zuwa ga 'yata Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wushe, uwata. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, tunda sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi. Ina gaida maigidanki Malam Idi. Allah ya kai ku Biu lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sa ku tarar albarka ta riga ku shiga gidan.

Jibi za ku tashi. Kwana uku ke nan ina neman mu zauna mu yi magana, amma gida ya cika da gwaggwanninki, wannan tana haɗa miki turaren wuta, waccan tana ɗaure tukwane, ni kuwa an mai da ni mai gadin ƙofa. Shi ya sa na ɗauko biro. Da Hausa na rubuta, ba da Kanuri ba, don Malam Idi shi ma ya karanta. In kun ci karo da inda na kira namiji mace, ku yi dariyarku ku wuce, Hausar Barebari ce.

Ranar Juma'a muna cin abinci kika ce akwai fili a bayan gidan su Malam Idi, surukarki ta bar miki, kuma awaki za ki zuba a ciki, na nama, ki riƙa sayar wa mahauta. Na ci gaba da cin abincina. Amma mamanki ta lura na ƙara burabisko faranti na biyu, abin da na daɗe ban yi ba. Ku biyar na haifa, huɗu in sun ji warin bunsuru sai su toshe hanci. Ke kaɗai kike tsayawa. Murnar da na yi ba ta faɗuwa.

Kiwon nama tun daga zaɓen iri ake cin riba ko a faɗi. In kika zaɓi irin da bai dace ba, ko harawar duniya kika zuba masa wahala kawai za ki sha. Ni ban koyi wannan a makaranta ba, a hannun awakin da na yi asara na koya. Zan ba ki labarinsu yadda abin ya faru, ba tare da na gyara kaina ba.

Bunsuruna na farko da ido na saye shi. Lokacin ina ƙaramin akawu, muna haya a unguwar Fezzan, mamanki tana da cikin yayanki Modu. Na ce ban da ragon suna, zan kiwata bunsuru a yanka wa maijego da baƙi, a san gidan ma'aikaci aka yi haihuwa. Na tashi daga ofis bayan azahar, na wuce kasuwar dabbobi da kaftanina mai guga, biro a aljihu. Wani dillali mai zaƙin baki ya dube ni sau ɗaya ya gane abincinsa ya zo. Ya ja ni wurin wani farin bunsuru, irin dogayen nan namu na Borno, kunnuwa sun zubo, ƙafafu kamar na barewa, ciki ya cika tam.

Ya ce, "Malam, wannan ai rabin saniya ne. Sai dai gidan manya."

Ko taɓa shi ban yi ba, don kada kaftanina ya ɓaci. Na biya na jawo shi a ƙafa har gida, ina bin babban titi da gangan don mutane su gani. Mamanki ta fito ta zagaya shi sau ɗaya.

Ta ce, "Malam, ka taɓa shi kuwa?"

Na ce, "Me zan taɓa? Ba ki ga tsawonsa ba?"

Ta ce, "Na gani. Allah ya amfana."

Da gari ya waye cikin nan ya sace, haƙarƙari duk sun fito. Ashe kanwa aka ba shi da dusa, ya yi ta shan ruwa har ya kumbura. Wata uku ina ɗura masa abinci, yana ci, sai dai ya ƙara tsawo. Ranar suna aka kira Malam Garba, mahaucin unguwarmu. Da ya gama fiɗa ya aika a kira ni daga cikin baƙi.

Ya ce, "Malam akawu, zo ka ga cinikinka. Ƙashi ka saya, aka yi maka gyara da nama."

Na yi dariyar dole. Shi kuwa mutumin kirki ne, bai bar ni haka ba. Ya wanke hannu, ya kamo wata gajeriyar jar akuya ta maƙwabta da ke yawo a bakin ƙofa, ya kama hannuna ya ɗora a gadon bayanta. Ya ce in danna bayan haƙarƙari. Na ji tsoka ta cika gefe da gefe, da ƙyar na ji ƙashin. Ya sa na damƙi cinyarta, ya nuna mini faɗin ƙirjinta tsakanin ƙafafun gaba. Ya ce, "Ba girin-girin ba, ta yi mai. Mu abin da muke saye ke nan."

To, Yagana, ranar da za ki sayi akuya ki sa tufafin da ba ki jin tausayinsu. Ki je da sassafe, kafin a cika musu ciki da ruwa. Ki dafa gadon baya. In kin ji ƙashi kamar bayan wuƙa, ki wuce. Ki nemi mai faɗin ƙirji da cikakkiyar cinya, wadda ta tsaya daram a kan ƙafafunta huɗu. Ki buɗe bakinta. In manyan haƙora biyu ne suka fito a tsakiya, sauran ƙanana, ta ɗan haura shekara, ita kike nema. In duk sun yi faɗi sun cinye har da giɓi, tsohuwa ce, ko me dillali ya rantse da shi. Ki ja fatar idonta ta ƙasa: in ja ce tana da jini, in fara ce tsutsa ta shanye ta. Ki ɗaga wutsiya ki duba ko tana zawo, ki shafa hantsa ki tabbata babu ƙulli. Duk wannan bai fi tsawon gaisuwa ba, amma girman kai ya hana ni yinsa.

Kada ki ɗauka ina zagin fararen awakinmu. Suna da jure ƙishi da doguwar tafiya, kuma daga baya na iya kiwonsu har suka yi mini rana. A nan ne ma na yi kuskurena na biyu, kuma shi ya fi shafarki, don a ƙasar da za ki ya faru.

Kin san Malam Yohanna, abokin aikina, wanda ke kawo muku gyaɗa in ya dawo daga hutun Kirsimeti. Da ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu kusa da Biu. Mu kuma a lokacin mun dawo nan Jiddari Polo, tsakar gida ta yi faɗi, fararen awakina sun yi kyau, har na fara jin babu wanda zai koya mini kiwo. Da zai tafi ya ce mini, "Ciyawar da kake saye a nan, a wajenmu ƙone ta ake yi. Ka kawo mu yi kiwo tare." Na zaɓi mata shida mafiya kyau a garkena, na sa a mota na raka su da kaina.

Matarsa, Madam Saraya, ta fito ta tare mu. Ta daɗe tana kallonsu ana sauke su.

Ta ce, "Baban Modu, suna da kyau. Amma waɗannan yashi ƙafarsu ta sani, ba ta san laka ba. Damina a nan ba irin taku ba ce."

Na dubi nata awakin, jajaye da masu ruwan ƙasa, gajeru, suna tsalle a kan duwatsu. Na ce, "Madam, waɗannan naki awaki ne ko maguna?" Muka yi dariya, ita ma ta yi. Na dawo Maiduguri ina lissafin yadda zan zama babban makiyayin jihar nan.

Da damina ta yi tsakiya Malam Yohanna ya aiko in zo. Na tarar biyu sun riga sun mutu. Sauran huɗun suna ɗingishi, kofato ya ruɓe saboda danshi, zawo ya kama su, tsutsar ciki ta gama da su. Ya kira malamin dabbobi tun kafin in iso, an yi allura, an ba da magani, amma kafin in bar garin biyu suka ƙara tafiya. Biyu kawai na dawo da su, su ma a kwance. Magunan Madam Saraya kuwa, a ciyawa ɗaya da ruwa ɗaya, kusan kowace tana jan tagwaye, gashinsu na sheƙi.

Matar nan ba ta ce mini ai na gaya maka ba. Sai ta sa aka kamo taure ɗaya daga cikin nata, aka kira wani maƙwabcinsu Musulmi ya yanka saboda ni, ta yi farfesu. Ban taɓa cin nama mai laushi irinsa ba. Na cinye kwanon farko ina kallon ƙasa. Malam Yohanna ya turo mini na biyu.

Ya ce, "Ƙara, Baban Modu. Naman mage ne, ba ya ƙosarwa da wuri."

Dariyar da muka yi ita ta wanke mini baƙin cikin asarar. Har yau in mun yi waya da haka yake gaishe ni.

Da ɗan gari akan ci gari, uwata, kuma a wurin awaki ma haka ne. Kada ki ɗauki akuya daga nan ki kai can, ko da ni na ba ki. In kin sauka, ki huta, ki shiga gidajen maƙwabta ki ga irin da suke ajiyewa, ki tambayi wadda ta fi kowa daɗewa tana kiwo wane iri ne ke wuce damina ba tare da ya kwanta ba. Za ki ga jajayen nan da ake ce wa na Sakkwato, da waɗanda suka haɗa jini da gajerun kudu. Ba su da girman burgewa, amma suna yawan haihuwa, tagwaye ba baƙo ba ne a wurinsu, jikinsu na riƙe nama, fatarsu ma tana da kasuwa. Da su za ki fara. In da hali ki saya a gida, ba a kasuwa ba, inda za ki ga uwar akuyar da idonki, ki tambayi sau nawa ta haihu, nawa suka rayu. Ki yi musu ɗaki mai rufi, ki ɗaga ƙasansa don ruwa ya riƙa wucewa, kada kuma ki sake su da safe sai raɓa ta bushe. Madam Saraya tana nan da ranta, ta tsufa amma idonta garau. Ki sa Malam Idi ya kai ki, ki riƙa mata turaren wuta, ki ce ɗiyar mai fararen awaki ce ta zo ɗaukar karatu.

Yanzu zancen Bowa. Na ji kina gaya wa Malam Idi irin awakin nan na waje masu farin jiki da jan kai, masu wuya kamar na bijimi, kina cewa ɗaya ya fi namu biyu nama. Gaskiya ne. Kin kuma san bunsuruna Ciyaman, amma kina makarantar kwana a lokacin, abin dariyar kawai kika tarar in kin zo hutu. Ga sauran labarin.

Da na ajiye aiki aka ba ni kuɗin sallama, na je gonar wani da na sani a bakin gari, na ga bunsurun Bowa. Na tsaya kamar an dasa ni. A wannan karon na taɓa, na danna, na buɗe baki, komai ya cika. Abin da ban tambayi kaina ba shi ne, me zai ci, kuma wa zai hau. Na kawo shi gida. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa kallo, su suka sa masa suna Ciyaman, don duk wanda ya shigo ba ya tashi, sai dai ya ɗaga kai ya dube shi.

Shekarun nan ne da ba a iya fita bayan gari yankan ciyawa saboda rashin tsaro, harawa ta yi wuya. Jajayena da fararena suna maneji da dusa da ɓawon wake da ganyen da aka samu. Ciyaman kuwa abincin uku yake ci, in an rage masa kwana biyu sai ka ga bayansa ya faɗa. Da bazara ta kankama ya kwanta yana haki. Na shiga ɗakina na ciro fankata mai sola na kafa masa. Mamanki ta tsaya a ƙofar kicin, gumi na zuba mata, muciya a hannu.

Ta ce, "Malam, shekara nawa ina tuƙa maka tuwo a wannan zafin, ba ka taɓa kawo mini fanka ba."

Na ce, "Ke ai 'yar ƙasa ce, shi baƙo ne."

Ta ce, "Allah ya ba baƙo lafiya." Washegari na je Kasuwar Kwastam na sayo ta biyu, don a zauna lafiya.

Wannan shi ne na dariyar. Wanda ba na dariya ba, mamanki tana da wata 'yar jar akuya da yayarta ta ba ta, tana kiranta Kyauta. Ko kasuwa za ta je sai ta leƙa ta. Akuyar ba ta taɓa haihuwa ba, kuma jikinta ƙarami ne. Na ce zan haɗa ta da Ciyaman. Mamanki ta ce kada in yi, ƙugunta bai isa ba. Na ce ai amfanin babban uba ke nan, ya ba da babban ɗa. Wata rana ta tafi gidan biki na buɗe ƙofa na haɗa su.

Da lokacin haihuwa ya zo, Kyauta ta fara naƙuda da hantsi, har la'asar ɗan bai fito ba. Kansa ya fi ƙarfin hanya. Na ɗauko malamin dabbobi, ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ciro ɗan a mace. Washegari uwar ta bi shi. Mamanki ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta kwance igiyar Kyauta daga turke, ta wanke, ta shanya, ta ci gaba da aikinta. Kwana biyu ina zagaye-zagaye a tsakar gida. A na uku na same ta tana tsince shinkafa, na zauna a gabanta.

Na ce, "Aisa, ni na kashe miki akuya. Kin hana ni, na ƙi ji. Ki yafe mini."

Ta ture shinkafar gefe. Sannan ta ce, "Na yafe. Amma daga yau makullin ɗakin Ciyaman a hannuna zai zauna."

Na miƙa mata, kuma wannan ne aiki mafi hankali da na yi a duk kiwona. Ba ta ƙara barinsa ya kusanci ƙaramar akuya ba. Manyan fararen nan dogaye ta zaɓa, waɗanda suka haihu sau biyu ko uku lafiya. 'Ya'yan da suka fito suka ɗauko tsawo da juriya daga uwa, faɗi da tsoka daga uba. Ba sa neman fanka, kuma abin da kowa ke ci shi suke ci. Da na kai wa Malam Garba na farko, a lokacin ya tsufa, 'ya'yansa ke riƙe da wuƙa, ya dafa bayansa, sannan ya ce, "Malam akawu, yau kam nama ka kawo." Na dawo gida na faɗa wa mamanki, ta ce in koma in gaya masa wa ya yi zaɓen.

Saboda haka ban hana ki Bowa ba, amma ba da shi ake farawa ba. Ki yi damina biyu da 'yan ƙasa tukuna, ki san yawan harawar da za ki iya tarawa ta kai ki ƙarshen rani, ki san malamin dabbobin da zai zo in kin kira. Sannan in kina so, ki nemi bunsuru ruwa-biyu, wanda aka haifa a ƙasar nan. Ki haɗa shi da manyan mata da suka saba haihuwa, ban da budurwar akuya. Ki kuma sani, tunda irin ya yi suna, duk bunsuru mai farin jiki da jan kai yanzu Bowa ake kiransa a kasuwa. Ki ce a nuna miki uwa da uba. Wanda ya fara kame-kame, ki yi masa sallama.

Akwai wani kuskuren da son zuciya ya ja mini. Cikin 'ya'yan Ciyaman na bar ɗaya a matsayin uban garke, na so shi har na kasa rabuwa da shi. Ya hau 'yan'uwansa, ya hau 'ya'yansa, ya hau jikokinsa. Sai na fara ganin ana haifo ƙanana masu raunin ƙafa, wasu ba sa kai yaye. Na yi ta canza abinci ina zargin dusa, alhali jini ne ya yi kusa. In 'ya'yan bunsurunki mata sun isa barbara, ki sallame shi, ko ki yi musanya da na wata a unguwa mai nisa. Kuma duk sabuwar dabbar da ta shigo, ko kyauta ce daga surukarki, ki ɗaure ta gefe ɗaya kamar mako uku ki ga ba ta tari, ba ta majina, ba ta zawo, kafin ki haɗa ta da sauran. Allurar rigakafi kuwa kafin damina ake yi, ba sai an fara kwanciya ba.

Kafin ma ki sayi ko ɗaya, ki sa Malam Idi ya raka ki wurin mahautan garin ki tambaye su wane girma suka fi ɗauka, wane lokaci suka fi nema. A nan hankalinmu kan Sallah yake, Sallah kuwa ta rago ce. A can ƙarshen shekara akuya ke tashi, gidajen Kirista da yawa sai sun yanka. Mazan da ba za ki bari don barbara ba, a dandaƙe su tun suna ƙanana. Taure ya fi saurin ƙiba, namansa ba ya wari, kuma ba ya hana maƙwabta sakewa.

Saura abu ɗaya, kuma ban taɓa faɗa miki shi ba.

Kina da shekara goma sha biyu na tafi da ke Gwange gidan wani tsoho da zai rage awakinsa. Na zaɓi wata mai sheƙi, cikakkiya, ba ta da aibu ko ɗaya. Kika ja mini hannun riga kika nuna wata a lungu, baƙa, ƙahonta ɗaya a karye, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta.

Kika ce, "Baba, waccan za mu ɗauka."

Na ce, "Wannan ƙwarangwal ɗin?"

Kika ce, "Ka duba 'ya'yanta. Su biyu ne, sun fi na kowa ƙiba. Jikinta take ba su. Taka ɗin ba ta da ɗa ko ɗaya a bayanta."

Na ce ki bar maganar manya. Muka taho da tawa, kina biye da ni. Kyakkyawar nan shekara biyu ta yi a gidan nan, sau ɗaya ta haihu, shi ma ta ƙi shayar da shi. Mai karyayyen ƙahon kuwa, Malam Bukar na bayan gidanmu ne ya je ya ɗauke ta a satin. Haihuwarta ta farko a wurinsa uku ta zubo, duka ta raine su. Baƙaƙen awakin nan da kike gani suna fitowa daga gidansa kullum da safe, rabinsu jininta ne. Shekara da shekaru ina wuce su in zan tafi masallaci, ina tunawa da ke.

Ke kika yi gaskiya, Yagana. Na duba akuya, ke kika duba abin da take bayarwa, kuma mai kiwon nama abin da zai duba ke nan. Don haka duk abin da na rubuta a nan ki riƙe shi, amma in kin taɓa, kin tambaya, kin ga uwa, sannan idonki ya ce wannan, takardata ta ce waccan, ki bi idonki. Ki kuma riƙa shawara da mijinki, in ya faɗi gaskiya ki karɓa da wuri, kada ki yi irin jinkirin mahaifinki.

Ku tashi da sassafe jibi, ku bi sahun motoci, kada yamma ta same ku a hanya. In kun sauka ki sanar da mamanki kafin ki kwance kaya, kin san ba za ta ci abinci ba sai ta ji.

Allah ya tsare gabanku da bayanku. Allah ya sa ƙasar Biu ta karɓe ki, ya haɗa ki da maƙwabta na gari, ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah ya sa wa garkenki albarka tun daga turken farko, ya kare shi daga annoba da ɓarawo, ya ciyar da ku halal daga gare shi. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Ranar da akuyarki ta farko ta haihu, kada ki turo mini saƙo a rubuce. Ki kira ni, ki kai wayar kusa da bakin ɗan. Ina so in ji kukansa da kunnena.

Wassalam.

Mahaifinki,
Kyari